Kwaɓin da Ya Kwana a Firij

Ranar Alhamis aka ɗora Baba a kan sikelin asibiti. Nas ta duba lamba, ta duba katinsa, ta sake duba lambar, sannan ta ɗago ta kalli ɗansa Auta, wanda ke tsaye a gefe riƙe da takalman tsohon.

"Hamsin da ɗaya," in ji ta. "Baba, ka sake raguwa. Me kake ci a gida?"

Auta ne ya ce, "Sista, gaskiya ba ya cin komai. Ruwa ne kawai, shi ma sai an yi da gaske."

Wata uku ke nan da aka yi wa Baba aiki a maƙogwaro. Aikin ya yi kyau, amma maganin da ake masa bayan aikin ya tayar masa da baki, harshe da dasashi duk sun yi ja sun saɓule. Abu mai zafi in ya shiga bakinsa kamar garwashi, mai yaji kuwa ba a ma maganarsa, mai tauri kuma ba ya wucewa. Tun yana gwadawa yana tofarwa har ya daina gwadawa. Magana ma ya rage ta, don ita ma da ciwo take fita.

Nas ta ja kujera ta zauna daidai fuskarsa.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Likita ya ce in ka dawo Alhamis mai zuwa ka ƙara raguwa, ko da rabin kilo ne, za a ba ka gado a sa maka roba ta hanci, a riƙa ba ka abinci ta ciki."

Baba ya juyar da kai ya kalli bango. Auta ya san abin da yake gani a bangon nan. Shekara biyu da suka wuce, da roba a hanci Inna, mahaifiyarsu, ta yi kwanakinta na ƙarshe, tana ta kai hannu za ta cire ana riƙe ta. Tun daga ranar Baba ya ce shi duk abin da za a yi masa a yi, ban da wannan.

Da suka fito, nas ta biyo Auta har bakin ƙofa da guntun takarda.

"Wa ke masa girki?"

"Ni ne. Yayata tana gidan mijinta can ƙarshen gari, sai Lahadi take samun zuwa. Ni kuma gini nake yi, kafin bakwai na fita."

"To ga wani abu, ni ma shi nake yi ranar da zan yi sammako. Ba a ɗora shi a wuta. Ots, hatsin nan na kanti da ake kunu da shi, kofi ɗaya, madara kofi ɗaya, garin cakulan cokali ɗaya, markaɗen gyaɗa mai laushi cokali biyu, da ɗan zuma. Ka juya a kwalba da yamma, ka rufe, ka sa a firij ya kwana. Da safe ya yi laushi, ga sanyi, ba zai ƙona masa baki ba. Kuma gyaɗar nan tana riƙe jiki."

"Ba a dafawa?"

"Ko kaɗan. Kwanan da zai yi shi ne dahuwarsa."

Auta ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, inda yake ajiye abin da ba ya so ya ɓata.

Gidansu ɗaki biyu ne da ɗan falo, a hawa na biyu. Kicin ɗin in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya juya gefe. Akwai ƙaramin firij da ke gurnani duk bayan ɗan lokaci kamar yana ƙorafi, da tebur ɗaya da Baba ya sa wa ƙafa guda ɗan katako tun Auta yana rarrafe. Baba shekara arba'in ya yi yana gini. Shi ya koya wa Auta riƙe cokalin gini, shi ya koya masa jan igiya, kuma shi ya taɓa sa shi rushe layin bulo uku a gaban leburori saboda ya karkace da faɗin yatsa. Yanzu mutumin nan ne ke kwance a ɗaki, fuska ga bango, rigarsa tana masa yawa kamar ta aro.

Bayan magariba Auta ya jera kayan da ya sayo a kan tebur. Ya wanke tsohuwar kwalbar zuma mai faɗin baki, ya shimfiɗa takardar nas ya danne ta da gwangwanin gishiri don kada iska ta ɗauke. Ya auna ots kofi ɗaya, ya share bakin kofin da yatsa ya daidaita, ya juye. Ya zuba cakulan, ya kwashi gyaɗa ya dangwara a kai. Da ya zo kan madara, ya zuba rabin kofi ya juya, sai ya tsaya yana kallo.

Abin ya riga ya jiƙe. A idonsa, in aka ƙara sauran rabin, kwaɓin zai tsinke. Duk abin da ya sani a duniya wanda ake kwaɓawa a bar shi ya kwana, ana barinsa ne don ya kama, kuma ruwa in ya yi yawa ba ya kamawa. Ya ce a ransa Sista mutumiyar kirki ce, amma aikinta allura, ba kwaɓi ba. Ya mayar da sauran madarar cikin kwali. Sannan ya sa bayan cokali ya danna abin da kyau, ya bubbuga gindin kwalbar a tebur don iska ta fita, ya shafe saman sumul har yana ƙyalli. Ya ɗaga kwalbar daidai ido ya ga ko'ina ya yi daidai. Ya sa a firij yana jin daɗin aikinsa.

Da asuba bai buɗe ba, don ya makara. Ya ajiye kwalbar da cokali a kan ɗan teburin da ke gefen gadon Baba.

"Baba, ga abin karyawa. Mai sanyi ne, ba zai yi maka zafi ba. Don Allah ko cokali uku ne."

Baba ya ɗaga hannu ba tare da ya juyo ba, alamar ya ji.

Ranar nan Auta bai san yadda ya yi aiki ba. Sau biyu mai shimfiɗa tayil, abokin aikinsa, yana masa magana bai ji ba.

"Kai Auta, jikinka na nan, kanka na ina? Ko an yi maka budurwa ne ba mu sani ba?"

"Wace budurwa, tsoho ne ba ya cin abinci."

"Ayya. Allah ya ba shi lafiya. Amma in kai kake girkin, ni ma da na ƙi ci."

Da la'asar sakaliya ya dawo. Yana buɗe ƙofa ya ja ya tsaya, domin Baba na zaune a falo. Kwana tara rabon da ya fito daga ɗaki in ba banɗaki ko asibiti za shi ba. Yana zaune a kan kujerar tebur, ya sa tabaransa, ga faranti a gabansa, a kan farantin kuma ga wani abu baƙi-baƙi a tsaye, mai siffar kwalba sak, har da zanen gindinta. Cokalin yana tsaye a tsakiyarsa kamar an dasa.

"Wa ya yi wannan kwaɓin?" in ji Baba. Muryar a shaƙe take, amma tsohuwar muryar wurin aiki ce.

"Ni ne, Baba."

"Bulo na ce ka buga mini?"

"A'a."

Baba ya sa yatsa ya ture abin. Ya faɗi gefe ɗungurungum, bai ko tsage ba.

"Inci shida," in ji Baba. "Ka kai wa mai gidan da kuke wa aiki, ya sa a katanga."

Dariya ta taso wa Auta, ya haɗiye ta. Ko cokali ɗaya tsohon bai ci ba. Kwana ɗaya ya tafi a banza, saura shida. Ya ɗauki farantin zai kai kicin, sai ya ji Baba na cewa a bayansa:

"Busasshen abu ne. Shan ruwa yake. Bulo busasshe in ka yi masa filasta ba ka jiƙa shi ba, me yake yi?"

"Yana shanye ruwan filastar."

"To."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya dafa tebur ya miƙe ya koma ɗaki. Amma Auta ya daɗe tsaye a kicin da farantin a hannu. Ya lissafa: tun da aka fara maganin nan, Baba bai yi magana mai tsawon ta yau ba. Roƙo bai fito da shi daga ɗaki ba, kukan Yaya a waya bai fito da shi ba, tsoron roba ma bai fito da shi ba, amma ɓataccen kwaɓi ya fito da shi.

Da magariba ta wuce, Auta bai shiga kicin ba. Ya kwaso kayan duka ya kawo falo, ya ja teburin ya saita shi daidai ƙofar ɗakin Baba, wadda take a buɗe. Ya riƙa ajiye kwalba da kofi da ƙarfi don su yi ƙara. Ya fara zuba madara a kwalbar tun babu komai a ciki, ba awo, har ta kusa rabi. Ya kwashi gyaɗa cike da cokali ya jefa, ta nutse ƙasa a dunƙule. Ya zazzaga garin cakulan a kai, garin ya taso yana yawo a saman madarar, ya ƙi jiƙewa. Ya hau juyawa da sauri, cokali na dukan kwalba.

Daga cikin ɗaki aka yi tsaki.

Auta ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗebi ots da hannu ya watsa.

"Kai!"

"Na'am, Baba?"

"Ajiye cokalin nan."

Sai ga ƙarar gado, ga jan silifa. Baba ya fito yana dafa bango, ya zauna, ya jawo kwalbar ya leƙa ciki, ya ɗago ya yi wa Auta irin kallon da yake yi wa sabon lebura.

"Shekara nawa kana bina?"

"Goma sha ɗaya."

"A ina ka ga an fara zuba ruwa kafin yashi? Kawo kwano mai faɗi. Kawo takardar matar nan."

Ya karanta takardar a hankali, yana bin ta da yatsa. Sannan ya nannaɗe hannun riga. Hannayen sun rame har jijiyoyi sun fito, amma da suka kama kofi ba su yi rawa ba. Ya auna ots ya zuba a kwano, ya zuba garin cakulan, ya juya su a bushe, yana kwasowa daga gefe yana kifawa tsakiya, har sai da kowace ƙwaya ta ɗauki launi, babu fara ko ɗaya. A wani kofi dabam ya sa gyaɗar da zuma, ya ɗiga madara kaɗan, ya dama, ya ƙara kaɗan, ya dama, har ta saki ta koma kamar fenti. Sai ya buɗe rami a tsakiyar ots ɗin, ya juye gyaɗar a ciki, ya bi ta da madara yana janyo gefe zuwa tsakiya.

Kofi ɗaya ya ƙare, ya miƙa hannu a ƙara.

"Baba, takardar ta ce kofi ɗaya."

"Ta ce." Ya ƙara kwata. Ya ɗaga cokali ya bar abin ya zuba, yana kallon yadda yake sauka. "Ba don yanzu kake kwaɓawa ba, don gobe ne. Ka ba shi abin da zai sha, ka bar masa saura."

Ya juye a wata kwalbar, bai danna ba, bai shafe ba, ya rufe ya tura wa Auta. Wanda Auta ya ɓata kuwa ya ce kada a zubar, a ƙara masa ots, mai shi ya ci abinsa da safe.

Washegari Asabar. Auta ya fito da kwalbar Baba ya buɗe. Abin ya kumbura ya cika, ya yi laushi, ƙanshin gyaɗa da cakulan ya tashi. Ya kai ɗaki ya ajiye.

"Baba, ga shi."

"Ya yi?"

"Ban sani ba."

"Ba ka duba ba?"

Auta ya sunkuyar da kai yana ɗaura igiyar takalmi, don kada a ga fuskarsa. "Ai ba ni na kwaɓa ba. Kai ka ce duk wanda ya yi aiki da yamma, shi zai zo da safe ya duba abinsa da kansa, ba ya aike."

Haka ne kuwa. Dokar Baba ce tun yana da ƙarfinsa. In ya zuba kankare yau, gobe kafin kowa ya iso yana wurin, yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Ko ranar da aka haifi Yaya sai da ya biya ta wurin aiki kafin ya wuce asibiti, Inna ta yi shekaru tana masa gori a kai.

Baba ya tashi zaune. Ya ɗauki cokali ya nutsa, ya ɗago, ya karkata shi ya ga yadda abin ke zamewa. Ya shinshina. Ya ajiye cokalin a bakin kwalba.

"A ido ya yi."

"A ido kam," in ji Auta. "Bulona ma a ido ya yi kyau."

Baba ya harare shi. Sannan ya ɗebo kaɗan a bakin cokali, bai fi ƙwayar wake ba, ya kai baki. Auta ya ga yadda ya runtse ido tun kafin abin ya taɓa harshe, yana jiran zafin da ya saba. Ya ga maƙogwaron ya motsa. Idon ya buɗe a hankali.

"Gyaɗar ta yi yawa. Tana kama maƙoshi."

"To."

Ya sake ɗebowa, wannan karon rabin cokali, wai don ya tabbatar. "Zuman kuma yana ɗan yi mini zafi. A rage."

"To, Baba."

"Tafi aikinka, ka tsaya mini a ka."

Auta ya fita. A matakala ya tsaya ya share ido da gefen hula, sannan ya sauka. Da ya dawo da yamma ya tarar an ci kashi ɗaya cikin uku, kuma an manna guntun tef a jikin kwalbar daidai inda abin ya tsaya, an rubuta "Asabar" da fensirin kafinta. Baba na zaune a tebur yana jiransa, ya riga ya jera kwano da kofi.

Lahadi Yaya ta zo da kula cike da romo mai zafi, tun daga matakala ake jin muryarta. Ta buɗe firij za ta sa ruwa, ta ga kwalabe.

"Auta, mene ne wannan kamar taɓo?"

"Abincin Baba ne."

"Abincin wa? Ka dafa?"

"Ba a dafawa, Yaya, kwana yake."

"Inna lillahi! Mutum ba lafiya ka ba shi ɗanyen abu mai sanyi, kwanan firij? Kai dai tun kana yaro ba ka da kai. Matsa."

Ta zuba romon a kwano, ta fifita, ta zauna a gefen gadon Baba tana lallashi. "Baba, don darajar Inna, kurɓa ɗaya. Tun asuba nake kansa, ban sa yaji ba ko ƙwaya." Baba ya dubi fuskarta, ya karɓa don kada ta ji ba daɗi. Kurɓa ɗayan ya yi. Gishirin da ɗumin suka taɓa bakin, hawaye suka zubo masa ba da niyya ba. Yaya ta ajiye kwanon ta fita da gudu.

Auta ya same ta a kicin ta kifa kai a jikin firij.

"Ni na ce a bari kawai su sa masa robar," in ji ta cikin kuka. "Gara ya ji haushinmu yana raye. Kai kana nan kana wasa da kwalabe, ranar Alhamis kuma me za ka ce musu?"

Auta ma ya san kashi ɗaya cikin uku na kwalba ba abinci ba ne. Ranar nan kuwa Baba bai ƙara sa komai a baki ba, bakin ya tashi, ko ruwa da ƙyar. Da magariba Auta ya jera kaya a tebur ya jira, ba a fito ba. Ya kai hannu zai kwaɓa da kansa, sai ya fasa. Ya je bakin ƙofa.

"Baba, in kwaɓa?"

Ya leƙa, ya ga Baba kwance fuska ga bango.

"Na ce ko in sa ayaba a ciki, tunda an rage zuma. Sai dai ban san ko yankawa ake ba, ko jefa ta ake yi ɗungum."

Daga cikin ɗaki aka ce, "Ɗungum. Allah ya shirye ka." Gado ya yi ƙara.

Yaya, wadda ta fasa tafiya gida, tana zaune a gefe da jajayen idanu, ta ga mahaifinta ya murƙushe ayaba da bayan cokali mai yatsu har ta zama ruwa, ya tace ta a rariya don kada a sami gudaji, ya ƙara madara ta kai kofi ɗaya da rabi. Ya ce a raba kwalba biyu, ɗaya a sa mata madara fiye da ɗayar, gobe a ga wadda ta fi.

"Wa zai gani?" in ji Yaya.

"Wanda ya kwaɓa," in ji Baba.

Litinin ya ci rabin ɗaya da safe, da azahar ya ɗanɗana ɗayar don ya gwada su, ɗanɗanon ya kai shi kusan rabi. Yaya ta kira Auta a waya yana kan bene yana ɗaurin bulo, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai gulma: "Yana ci. Kada ka ce na faɗa maka. Na yi kamar ina shara." Talata Baba ya ce mai ruwan ta fi, amma cakulan ɗin bai ji ba. Laraba da safe Auta ya ga tef huɗu a jere a jikin kwalba, kowane yana ƙasa da na jiya, na ƙarshen saura yatsa biyu ya taɓa gindi. Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Talata da yamma Baba ya ƙware, ya yi tari har Auta ya tsorata, ya ture kwalbar ya ce a ɗauke. Amma da magariba ya fito ya kwaɓa na gobe.

Alhamis suka shirya su uku. Yaya ta ɗauko wata tsohuwar rigar sanyi mai nauyi.

"Baba, sa wannan. Asibitin nan akwai sanyi."

"Da wannan zafin?"

"To ai... ba a sani ba."

Baba ya dube ta ta saman tabarau har sai da ta mayar da rigar.

A asibiti layi ya yi tsawo. Da aka kira su, nas ɗin nan ce. Baba ya cire takalmi ya ba Auta. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullai, da tef ɗin awo da ba ya rabuwa da shi, da fensir, duk ya miƙa. Yaya ta yi ƙaramin tsaki.

"Baba, ai da ka bar su."

"Ban taɓa cutar awo ba, ba zan fara a kaina ba."

Ya hau. Lambobin suka yi ta rawa. Auta ya kasa kallo, ya tsura wa takalman da ke hannunsa ido, ya ga ɗaya dunduniyarsa ta cinye ta gefe.

"Hamsin da ɗaya," in ji nas. Ta duba kati. "Da ɗigo biyu. Bai ƙaru da wani abin kirki ba, amma bai ragu ba. Karon farko ke nan cikin wata biyu." Ta shiga wurin likita ta fito. "Ya ce a ba ka sati biyu. In aka ci gaba haka, babu maganar roba. Amma a ƙara, Baba, sau uku a rana, kuma a fara haɗawa da wasu abubuwan masu laushi."

Yaya ta zauna a benci ta rufe fuska da mayafi. Auta ya durƙusa yana sa wa Baba takalmi, ya daɗe a kan ƙafa ɗaya.

"'Yata," in ji Baba ga nas, "takardar nan da kika ba yaron nan."

"Na'am, Baba. Ta yi amfani?"

"Awonki bai cika ba. Ɗaya da ɗaya na mai lafiyayyen baki ne. Mai irin bakina ots ɗaya, madara ɗaya da rabi. A haɗa na bushe tukuna. Gyaɗa a dama ta dabam. Zuma a cire, a sa ayaba."

Nas ta yi dariya, ta ga shi ba dariya yake ba, sai ta jawo takarda. "Maimaita mini a hankali. Akwai wata baiwar Allah a ɗaki na uku, irin matsalarka ce da ita."

Ya maimaita, ta rubuta, ya karɓa ya duba ya gyara mata wuri ɗaya.

A bakin titi Yaya ta hau motar unguwarsu, tana ta jaddada wa Auta ya wanke kwalaben da ruwan zafi. Su biyu suka tsaya jiran tasu. Baba ya jingina da ƙarfen rumfar, yana kallon wani gini da ake yi a tsallaken titi.

"Ranar Juma'a," in ji shi, bai juyo ba. "Madara kafin ots."

Auta ya kau da kai.

"Bulon farko naka ne, wannan na yarda, wautarka ce. Amma na biyun, hannun da na koyar ba ya zuba ruwa haka ko yana barci."

"Baba, ni dai..."

"Da ayaba ɗungum."

Auta ya sosa ƙeya. Motar ta taho, ya ɗaga mata hannu, ya riƙe gwiwar hannun tsohon don ya taimaka masa hawa. Baba ya sa ƙafa ɗaya a matakala, ya tsaya.

"Mu sauka a kanti. Gyaɗar ta kusa ƙarewa, kuma kwalba biyu ba za su isa sau uku ba. Ka nemo masu faɗin baki."